Amsa kan rufin cirewa na Mazda MX-5

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka sayi Mazda MX-5 ƙirar 1996 a nan Ingila, kuma wani ya yi maka tallar ƙaƙƙarfan rufinta, wanda ake ɗorawa a cire, kana tambaya ko ya cancanci kuɗinsa, yaya ake kula da shi, kuma ko za ka yi asara ranar da ka tashi sayarwa. Na riƙe irin wannan rufi shekara shida a kan tawa motar kafin na rabu da shi, don haka zan gaya maka abin da na gani da idona.

Kafin ka yi maganar kuɗi, ka fara duba inda za ka ajiye shi daga watan Afrilu zuwa Oktoba, domin a nan ne yawancin masu shi suke yin nadama. Nauyinsa bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba, amma faɗinsa faɗin motar ne, ga gilashi babba a bayansa, saboda haka mutum ɗaya ba ya ɗaga shi lafiya. Idan ba ka da gareji ko rumfa mai kulle, kuma ba ka da wanda za ka kira ya kama maka sau biyu a shekara, shawarata ita ce ka haƙura, ka sa kuɗin a sabon rufin tamfol mai kyau, wato irin mai naɗewa da motar ta zo da shi. Idan kuwa kana da su, to ka saya. A cikin hunturun ƙasar nan bambancin a fili yake: ƙarar iska tana raguwa a babbar hanya, ɗumi yana zama a ciki, kuma kana ganin bayanka sosai fiye da yadda ƙaramar tagar leda ta tamfol take nuna maka. Sai dai kada ka ɗauke shi a matsayin kariya idan mota ta kife, Allah ya kiyaye, domin da faiba aka yi shi, ba a gina shi don wannan aikin ba.

Motarka tana cikin ƙirar farko, wadda aka fara fitarwa a 1989 aka daina a 1997, kuma rufin ƙira ta biyu, ta 1998 zuwa 2005, shi ma yana hawa kanta. Na ƙira ta uku kuwa ba ya hawa ko kaɗan, kada kowa ya ce maka bakanike zai daidaita shi. A wurare shida yake kama motar: maƙalai biyu a saman gilashin gaba, biyu a gefe bayan ƙofofi, sai kusoshi biyu masu faɗin kai a bayan wurin zama, waɗanda rufin yake zamewa ya shiga. Motoci da yawa ba su zo da ƙarafan gefen da maƙalan ke kamawa ba, haka ma kusoshin bayan, don haka ka duba taka tukuna, sannan ka tambayi mai sayarwa ko zai haɗa maka da su. Ka je da motarka a ɗora shi a gabanka, ka rufe ƙofofi, ka ɗaga gilasai ka ga yadda suke haɗuwa da roba. Fenti shi ne abu na ƙarshe da zai dame ka, tun da mai fenti zai iya sake shi. Abin da ke cin kuɗi shi ne robobin gefe da suka bushe suka tsage, maƙalan da suka saki, da gilashin baya, wanda samunsa ke da wuya idan ya fashe. Idan gilashin yana da siraran wayoyin nan masu kore raɓa, ka tabbata motarka tana da soket ɗinsu da makunni.

Wannan wayar ce ta fara koya mini darasi. A bazarar farko, ni da maƙwabcina mun kwance maƙalai huɗu, muka ɗaga, muka ja baya, sai na ji wani abu ya ce ɗas a bayan kujera. Na manta ban zare soket ba, wayar ta tsinke daga tushe. A rikicen da muka shiga muka dire rufin a kan siminti tsirara, kusurwarsa ta baya ta ɓalle kamar girman farce. Tun daga ranar na ɗaura jan zare a maƙalin gaba don ya riƙa tuna mini, kuma ba na taɓa shi sai na shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa. Daga baya na sayi ƙaramin keken ajiya mai soso, wanda rufin ke tsayawa a kansa a jingine, na lulluɓe shi da zanin gado. Wasu suna rataye shi da igiya a rufin gareji, wannan ma yana yi, matuƙar nauyin bai sauka a kan robobin ba, domin idan suka daɗe a danne ba sa komawa yadda suke, kuma daga nan ne yoyo yake farawa. Ina shafa musu man silikon duk lokacin ɗorawa da lokacin cirewa. Kada ka sa musu man jelin shafawa ko giris, yana lalata roba.

Akwai abin da mutane suke mantawa da shi: tamfol ɗin yana nan a naɗe a ƙarƙashi tsawon hunturu. Kada ka naɗe shi da danshi, in ba haka ba za ka buɗe shi a bazara ka tarar ya yi funfuna yana wari. A irin motarka tagar bayansa leda ce mai zif, sai ka zuge ta ka kwantar da ita a miƙe, ka sa tawul mai laushi a kai kafin ka naɗe. Ka kuma riƙa zura siririyar waya mai laushi a magudanan ruwa biyu da ke bayan kujeru, domin ko da ƙaƙƙarfan rufin yana sama ruwa yana bi ta nan, kuma idan suka toshe, tsatsa ce take cin gindin motar a gaban tayoyin baya.

Ɓarayi suna son wannan rufi ƙwarai, saboda Mazda ta daina yin sa, ga masu tseren motoci suna nemansa, kuma da hannu kawai ake buɗe maƙalansa. Idan motar a titi take kwana, ka sa masa kusoshin da ba sa kwancewa sai da makullinsu, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa kana da shi.

Wannan ƙarancin ne ya sa ban yi asara ba. Na sayar da rufin daban, motar daban, domin mai sayen mota ba ya ƙara maka kuɗin da ya kai darajarsa. Na jira har farkon Oktoba, lokacin da sanyi ya fara tuna wa mutane, na wanke shi, na ɗauki hoton kowane maƙali da kusurwar nan da ta ɓalle, na rubuta aibinta a cikin tallar. Na ƙi yarda a aika shi ta kamfanin jigila saboda gilashin. Wanda ya saya ya zo da tasa motar, muka ɗora tare, muka zuba masa bokitin ruwa ya leƙa ciki bai ga ɗigo ba, ya biya kusan abin da na saya shekara shida baya, na haɗa masa da keken ajiyar.