Tambaya da Amsa: Wane Winci Ya Dace da Motarka, Kuma Yaya Ake Ɗaura Shi?

Tambaya: Ina da Hilux da nake kai taki gona da ita, kuma hanyar ta ratsa fadama. Duk damina sai na kafe a laka, wani lokaci sai an nemo tarakta. An ba ni shawarar in sa winci, wato injin nan mai igiya da ake ɗaurawa a gaban mota don ta janyo kanta. Na ga mai lamba 9,500 da mai 12,000. Wanne zan ɗauka? (Mai karatu daga Haɗejia)

Amsa: Malam, lambar da ka gani nauyi ne da ma'aunin fam, ba kilo ba. 9,500 ya kama kilo 4,300, shi kuwa 12,000 kusan kilo 5,440. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce a ɗauki iyakar nauyin mota da lodinta, a ƙara masa rabinsa. Wannan nauyi yana rubuce a ɗan faranti ko takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet. Na Hilux yana wajen kilo 3,000, saboda haka kana bukatar abin da zai ja kilo 4,500. Ka ga 9,500 ya ɗan gaza ke nan. Ga mai lodin taki da ke shiga laka, mu 12,000 muke zaɓa masa, domin laka ba kamar rairayi ba ce: idan cikin mota ya zauna a kanta sai ta tsotse shi, ƙarfin da za a ɓalle motar da shi yana iya zarce nauyinta gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Lambar da ke jikin kwali ƙarfin wincin ne lokacin da igiya ke naɗin farko a kan ganga. Kowane naɗi da ya hau kan wani yana ƙara wa gangar kauri, ƙarfin ja kuma yana raguwa. A naɗin sama, winci yana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye. Shi ya sa wanda ya zaro mita biyar kawai ya ɗaura a bishiyar kusa zai ji injin yana nishi, ya ce jabu aka sayar masa. Zaro igiya da yawa, amma ka bar aƙalla zagaye biyar a kan ganga idan ta ƙarfe ce, goma idan ta zare ce, don kuwa notin da ya riƙe bakin igiyar ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba.

Ka haɗa da fuli mai buɗewa. Igiya ta je wajen bishiya, ta ratsa fulin, ta dawo ta kama motarka: ƙarfi ya kusa ninkawa, gudu ya ragu da rabi, wutar da injin ke sha ma ta ragu. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wincin ba, amma shi ke fid da mutum a ranar da abu ya ƙi.

Tambaya: Na riga na saya. Mai walda ya ce zai liƙa mini shi a bamba, mai wayarin kuma ya ce wayar da ke shagonsa ta wadatar. In bar su? (Direba daga Jalingo)

Amsa: Kada ka bar su. Bambar da ta zo da mota ado ce, ba za ta riƙe tan huɗu ba. Ranar ja na farko za ta bi igiya ta bar ka a ramin. Winci yana zama ne a kan farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 6, wanda aka ɗaure da noti a ƙafafun shasi guda biyu. Yawancin winci masu wannan girma ramukansu huɗu ne, tazarar milimita 254 da 114. A sa notin M10 mai lamba 8.8 a kansa ko sama da haka, tsawonsa daidai: wanda ya yi tsawo yana tokare jikin wincin, gajere kuma haƙori biyu kawai yake kamawa. Farantin ya kasance shimfiɗaɗɗe sarai, domin in ya karkace sai ganga ta riƙa cijewa. Ba a walda a jikin winci, kuma yi wa shasi walda barkatai yana raunana shi.

Idan motar tana da jakar iska ta kariya, nemi bambar da aka ƙera don irin motar, saboda bamba mai tauri tana iya sauya lokacin da jakar ke buɗewa. A lura kada akwatin wutar wincin ya tare wa lagireto iska, musamman ga mai hawan Mambila da lodi. Winci mai igiyar ƙarfe yana kai kilo 35 zuwa 45, ga nauyin bambar ƙarfe a kai. In gaba ya duƙa, sai an sauya sifirin.

Batun waya shi ne inda aka fi ƙona mota. Winci a cikakken ja yana shan amfiya 400 ko fiye, alhali injin cajin mota da kyar yake ba da 100. Batir ke cike giɓin, don haka ya zama mai lafiya, mai CCA (ma'aunin ƙarfin batir na tayar da inji) 650 zuwa sama, kuma injin mota na aiki duk lokacin da ake ja. Wayar ta zama tagulla zalla mai kaurin milimita 35 murabba'i. In za a ƙara mata tsawo, a koma 50. Ja da baƙa duk su tafi kai tsaye kan batir. Kada a yarda a ɗaura baƙar a jikin bodi. A nisanta su daga salansa da kaifin ƙarfe, a sa roba a duk ramin da suka ratsa, a kuma sa makunnin yanke wuta kusa da batir, domin wannan waya ba fis gare ta ba. Wanda motarsa mai wuta volt 24 ce, kamar wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal, ya sayi winci mai 24.

Tambaya: Igiyar ƙarfe ko ta zare? Kuma a inda muke bi babu bishiya ko ɗaya. (Mai karatu daga Agadas)

Amsa: Ta zare, wadda aka fi sani da Dyneema, ba ta da nauyi, ba ta soke hannu, in ta tsinke ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe, kuma ana iya saƙa ta a daji. Amma maƙiyanta uku duk suna wajenku: rana, rairayin da ke shiga tsakanin zare yana cin sa, da zafi. Birkin yawancin winci a cikin ganga yake, kuma idan ana sako igiya da injin alhali da nauyi a kanta, gangar takan yi zafin da zai raunana zaren. Wanda zai riƙa wanke ta da ruwa yana rufe ta, ya ɗauki zare, da bakin alminiyam mai santsi, wato kafar da igiya ke fitowa ta cikinta. Wanda ya san ba zai kula ba, ya zauna a kan ƙarfe da baki mai rola, ya riƙa sa safar hannu ta fata.

Inda babu bishiya, safayar taya ce madogara. A haƙa rami wajen mita ɗaya, a ɗaura mata bel, a tsayar da ita tana fuskantar motar, a yanka siririn lambatu don bel ɗin ya fito a kwance, sannan a binne a tattake. Aiki ne mai gumi, shi ya sa kafin a kai nan a fara sauke iskar taya zuwa 16 ko 18 a ma'aunin PSI, a share rairayin gaban tayoyi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Ko a ina ake ja, ba a maƙala igiya a ƙwallon jan tirela. Yakan karye ya tashi kamar harsashi. Ba a kuma zagaya bishiya da igiya a maƙale ƙugiya a jikinta, bel mai faɗi ake sawa. A yafa bargo mai nauyi a tsakiyar igiya, 'yan kallo su ja baya fiye da tsawonta.

Tambaya: Nawa sabo ne, amma igiyar ta cushe cikin kanta ta ƙi fita, yanzu kuma in na danna sai in ji ƙas-ƙas kawai. (Mai karatu daga Marwa)

Amsa: Ba a ɗame igiyar ba kafin aikin farko. Daga kamfani a sake take zuwa, sai naɗin sama ya nutse cikin na ƙasa. Ɗaura ƙugiya a wani abu mai ƙarfi, ka ja motar baya a hankali kana sakowa har ta ɓalle. Daga nan zare ta, ka janyo motar a ɗan hawa ko da birki kaɗan, nauyin wajen kilo 450, kana jera naɗin gefe da gefe. Ƙas-ƙas ɗin kuwa ƙarar makunnin cikin akwati ce, alamar wuta ba ta isa injin. Fara da kan batir da baƙar waya, a kankare tsatsa a ɗaure tam. In batir ya cika kuma abin bai sauya ba, mai yiwuwa makunnin ya ƙone, galibi saboda an ja ba hutu. Nan gaba ja minti ɗaya, ka taɓa injin. In hannu ba ya iya zama a kai, dakata ya huce.