Fatawa: 'Yar Sarki da Manemin da Ba Jinin Sarauta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni 'yar gidan sarauta ce, likita, shekarata 31, ban taɓa aure ba. Shekara uku ke nan wani abokin aikina yana nemana. Mai Martaba mahaifina ya sa an yi bincike, ba a samu abin zargi a addininsa ko halinsa ba, amma ya ce ba zai ba shi ba tunda ba jinin sarauta ba ne. Ana so a haɗa ni da wani basarake don ƙarfafa zumuncin gidajen biyu, shi kuma sharaɗinsa in bar asibiti. Raina bai kwanta da shi ba. Mene ne hukunci, kuma ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Shari'a ba ta ware wa 'ya'yan sarakuna wani babin aure na daban ba. Haƙƙin da take ba 'yar talaka shi take ba ki, iyakar da ta yi wa waliyyinta ita ta yi wa naki, ko da rawaninsa ya kai ina.

Abin da mahaifinki ya tsaya a kai malamai suna kiransa kafa'a, wato dacewar miji da mata. Gaskiya ne Hanafawa da Shafi'awa sun sa nasaba a cikinta, don haka ba zan ce maganarsa ba ta da madogara ko kaɗan ba. Amma Imam Malik bai ƙirga nasaba ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin fiƙihun Malikawa, kafa'a ita ce addini da kuɓuta daga aibobin da ake raba aure saboda su. Wannan shi ne ya fi ƙarfi a wurina, saboda aya ta 13 a Suratul Hujurat, kuma saboda aikin Manzon Allah (SAW) da kansa. Ya aurar da Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu bin Harisa wanda 'yantaccen bawa ne. Da Mu'awiya da Abu Jahm suka nemi Faɗima bint Ƙais, Baƙuraishiya, sai ya ce ta auri Usama bin Zaid, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Abu Huzaifa kuma ya ba Salim, 'yantaccen bawa, 'yar ɗan'uwansa Hindu bint Walid bin Utba, alhali kakanta na cikin manyan shugabannin Makka. Wane gidan sarauta ne a yau ya fi waɗannan gidaje asali?

Ko masu ƙirga nasabar ma ba su ce a bar mace ta tsufa a ɗaki ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake samun 'ya'yan manyan gidaje shekaru suna wuce su, ba don an rasa manema nagari ba, sai don ana jiran mai rawani. Tirmizi ya ruwaito cewa idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo neman aure ku ba shi, in ba haka ba fitina da ɓarna mai faɗi za su auku. Hana mace auren wanda ya dace da ita kuma take so, shi ake kira adhlu, kuma a kansa aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka, lokacin da Ma'aƙil bin Yasar ya hana 'yar'uwarsa komawa wurin tsohon mijinta. Sai dai Malikawa suna kyautata wa uba zato: ba a ce masa mai adhlu don ya mayar da manemi ɗaya ko biyu, sai an tabbatar cutarwa ce. A naki, bincike ya wanke mutumin, dalilin ƙi guda ne, an kuma shekara uku. In dai yadda kika faɗa haka yake, alamun adhlu sun bayyana.

Batun basaraken kuwa, ba zan ɓoye miki ba, mashahurin zance a mazhabar Malik ya ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ko da ta manyanta. An ba shi wannan iko ne don maslaharta ita, ba don ɗinke tsakanin masarautu ba. Kuma hadisin Bukhari da Muslim a fili yake: ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta. Da shi Abu Hanifa da Ibn Taimiyya suka hana tilasta wa baliga mai hankali, ni ma da shi nake ba ki fatawa. Bai halatta a ɗaura miki wannan aure kina ƙi ba.

Aikinki ma ba aibi ba ne in an kiyaye sutura da iyakokin cuɗanya, mata kuma suna matuƙar buƙatar likita mace. Matan gidan mulki sun daɗe suna hidimar jama'a. Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka, ta haƙa rijiyoyi a hanyar Kufa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Amma ki sani, in kika karɓi sharaɗin barin aiki, cika shi ya hau kanki.

Kada ki ɗaura wa kanki aure a ɓoye, babu aure sai da waliyyi. Kada kuma ki kai maganar kafafen sada zumunta. Sirrin gidanku amana ne, mutuncin mahaifinki kuma wajibi ne a kanki ko da ya yi kuskure. Ki fara da mahaifiyarki da baffanninki, sannan ki nemi malamin da Mai Martaba ke jin nauyinsa ya karanta masa waɗannan hujjoji a keɓe, ba a gaban fadawa ba. In duk an yi wannan ya dage, kina da ikon kai ƙara gaban alƙali, ya umarce shi ya aurar da ke, in ya ƙi alƙali ya ɗaura. Kasancewarsa sarki bai fitar da shi daga wannan hukunci ba. Nasabarki da gadonki kuma suna nan, auren talaka ba ya taɓa su.

Wallahu a'alam.