Injin jirgin ruwa, firam ɗin taga da rediyo: mai ƙirƙira ɗaya ne?

Tambaya: Na ga sunan wani Ba'amurke a kan takardun haƙƙin ƙirƙira na injin jirgin ruwa, da firam ɗin taga mai hana zafi ratsawa, da na'urorin rediyo. Ta yaya zan tabbatar mutum ɗaya ne, kuma haƙƙin yana nan har yau?

Amsa: Malam, abin yana yiwuwa. Nikola Tesla, wanda aka sani da injin lantarki, shi ne ya karɓi takarda mai lamba 613,809 a 1898 kan jirgin ruwan da ake sarrafawa da rediyo. Amma suna kaɗai ba hujja ba ne, masu suna ɗaya sun yi yawa.

Ka nemi sunan a Google Patents ko Espacenet, shafukan intanet na binciken takardun haƙƙin ƙirƙira, sannan ka rarraba takardun bisa lambar rukuni: B63H ta injinan tura jirgin ruwa ce, E06B 3/263 ta firam mai hana zafi, H04B kuma ta sadarwar rediyo. Daga nan sai ka buɗe shafin farko na kowace. Layi mai lamba 72, ko 75 a takardun Amurka na baya, shi ne sunan mai ƙirƙira da garinsu. 73 kuwa kamfanin da ya mallaki haƙƙin. Nan mutane suka fi ruɗewa, domin injiniya yakan ƙirƙira, amma haƙƙin na kamfanin da yake wa aiki ne. In gari ya zo ɗaya, shekaru suka bi juna, abokan ƙirƙira suka maimaitu, to ka kama hanya. Tsofaffin takardu ba su da waɗannan lambobi, amma suna ɗauke da sunan mai ƙirƙira a ƙasan zane, ko da yake sau da yawa lauyansa ne ya sa hannu a madadinsa.

Ka yi hattara da takardun kafin 1976: hotonsu aka ɗauka, kwamfuta ta karanto rubutun, sau da yawa takan ɓata suna. Gwada rubuta shi ta hanyoyi daban-daban. Haka kuma ƙirƙira ɗaya da aka yi wa rajista a ƙasashe biyar takan fito sau biyar, kada ka ƙirga ta biyar.

Batun wa'adi: buƙatar da aka shigar a Amurka daga 8 ga Yuni 1995, shekara 20 ce daga ranar shigarwa, a da shekara 17 ce daga ranar bayarwa. Takardar haƙƙin takan mutu da wuri in ba a biya kuɗin sabuntawa ba a shekara uku da rabi, bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi.