Tambaya da Amsa: Ina da Shekara 44, Na Girmi Gem ɗin Dabarun Yaƙi Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Gwammaja, shekarata 44, 'ya'yana huɗu. Tun ina ɗalibi a Jami'ar Bayero na koyi Age of Empires a kwamfutar wani abokina, kuma har yau idan yara sun kwanta nakan ɗan taɓa. Uwargida tana yi min tsiya, wai gemai-gemai da ni ina wasan yara. Babban ɗana mai shekara 13 kuwa Free Fire yake bugawa a waya, ya ce nawa gem ɗin na tsofaffi ne. Malam, su wa ke buga irin wannan? Akwai sa'o'ina, ko ni kaɗai na rage? Kuma ya dace in jawo yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, uwargida ta ce wasan yara ne, ɗanka ya ce na tsofaffi ne, kuma a gaskiya yaron ya fi ta kusa da daidai.

Ƙungiyar kamfanonin gem ta Amurka, ESA, tana fitar da rahoto duk shekara. A na 2024 ta ce matsakaicin shekarun mai buga gem a ƙasar 36 ne, alhali a 2004 shekara 29 ne. Wannan lissafin ya haɗa kowa da kowa, har da masu danna wasan fasa alawa a waya. Dalilin hauhawar ba wani abin mamaki ba ne: waɗanda suka fara tun suna samari ba su daina ba, shekaru ne kawai suka tarar da su a gaban allo.

Idan ka ware wasannin dabaru irin naka, na gina gari da tara dukiya da shirya runduna, sai abin ya ƙara fitowa. Duba shekarun da manyansu suka fito. Civilization na Sid Meier a 1991, Dune II a 1992, Command & Conquer a 1995, Age of Empires a 1997, StarCraft a 1998, sai Age of Empires II a 1999. Yaron da ke da shekara 15 a 1999 yau ya kai arba'in ko ya haura. Da Microsoft ta sake gyara Age of Empires II ta fito da shi a 2019, shekara 20 cif bayan na farko, ta san sarai wa take yi wa talla: tsofaffin 'yan wasan da yanzu suke da albashi. Wani kamfanin bincike mai suna Quantic Foundry, wanda ke tambayar masu gem abin da ke jan hankalinsu, ya bayyana a 2016 cewa sha'awar gasa da kayar da abokin hamayya ita ce ta fi saurin dusashewa idan mutum yana manyanta, ita kuwa sha'awar tsara dabara ita ce shekaru suka fi barin ta yadda take.

To me ya sa a Kano ake maka kallon bambaraƙwai? Saboda ta ƙofar da gem ya shigo mana. A shekarun da waɗancan wasannin suke tashe, kwamfuta a gida sai gidan wane da wane. A ofis take, ko a shagon buga takardu, ko a kafe inda ake biyan kuɗin awa don duba imel. Abin da unguwa ta sani shi ne shagon gem: talabijin biyu ko uku, PlayStation, benci, janareta na kuka a bakin ƙofa, yara sun cika ɗaki suna ihu a kan ƙwallo, wani ya gudo daga Islamiyya, yayansa na hanya da bulala. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane. Daga baya waya ta zo ta ƙara tabbatar da shi, ga shi kuma fiye da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba, don haka duk inda ka waiga yaro za ka gani riƙe da waya. Sa'o'inka suna nan, malaman jami'a da likitoci da 'yan kasuwa, amma wasan nasu ba shi da hayaniya. Cikin dare ake yin sa a ɗaki, kuma kowa na jin nauyin faɗa a majalisa.

Ni dai ban taɓa jin an ce wa dattawan da ke zaune a gindin bishiya suna dara wasan yara suke yi ba. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, a zuba su a gurbi ɗaya bayan ɗaya, kuma gwani ya san tun a wurin zubin ake cin wasa, kafin a fara turawa. Ƙwaƙwalwar da ke wannan lissafin ita ce kake amfani da ita a kwamfuta.

Akwai abin da shekaru ke ragewa, kada in yi maka daɗin baki. A 2014 masu bincike a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun nazarci wasannin mutum 3,305 masu buga StarCraft II, daga ɗan shekara 16 zuwa 44. Sun gano cewa daga shekara 24 saurin da ke tsakanin ganin abu a allo da ɗaukar mataki yake fara raguwa. Amma sun kuma ga manyan suna cike giɓin ta wata hanya: sun fi amfani da gajerun maɓallan kibod, kuma suna sauƙaƙa wa kansu aiki maimakon su yi ta watsa hankali ko'ina.

Kai da kanka ka san wannan. Ka tuna mintunan farko na Age of Empires II. Ƙauyawa uku, ɗan leƙen asiri ɗaya a kan doki, abinci 200. Kowane sabon baƙauye abinci 50 ne kuma daƙiƙa 25 yake ɗauka. Ka tura biyu su gina gida, ka kawo tumaki gindin babban zaure, ka ware masu saran itace, kuma duk rintsi kada zauren ya zauna babu wanda yake fitarwa. Yaro mai zafin hannu zai danna sau uku kafin ka danna sau ɗaya, amma sai ya shagala da bin barewa ya manta da gina gida, jama'arsa ta tsaya cak. A minti na ashirin kai ne mai dawakai. Sai dai idan kun haɗu da yaron da ya haɗa sauri da natsuwa, to wannan ka ba shi hanya, ba abin kunya ba ne. Idan hannu ya fara gajiya kuma, akwai rukunin da ake bugawa bi da bi, irin su Civilization, inda babu agogon da ke korar ka. Ka yi tunaninka, ka sha shayi, sannan ka danna.

Za ka ji ana cewa irin waɗannan wasannin suna wasa ƙwaƙwalwar tsofaffi. A 2008 an yi gwaji a Jami'ar Illinois, aka koya wa wasu dattawa Rise of Nations na kimanin awa 23, aka ga sun ɗan inganta wajen sauyawa daga wani aiki zuwa wani. Mutanen kaɗan ne, don haka kada ka kai wa uwargida wannan a matsayin takardar likita.

Batun yaron, ka jawo shi, amma ba ta hanyar kushe nasa ba. Free Fire mutum 50 ake zubawa a tsibiri, cikin kamar minti goma an gama, kuma abokansa suna ciki. Wasan da sai an yi rabin awa ana noma kafin a ga yaƙi dole ya yi masa sanyi da farko. Kana da ƙugiya mai kyau. A 2021 an ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, aka sa Kano ta zama babban birninsu, da mahaya masu lifidi da dakarun da aka kira Maigadi. Jagorarsu Sarauniya Amina ce, abin da zai sa Bazazzagi ya ɗaga gira jin an kawo ta Kano. Ita ɗin dai tana cikin shugabannin Civilization VII da ya fito a 2025. A Europa Universalis IV kuwa za ka iya ɗaukar Kano ko Katsina ko Zazzau daga 1444, shekara 19 kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarauta. Masu ƙera gem ba malaman tarihi ba ne, suna gauraya zamani da zamani, amma yaron da ya ja mahaya lifidi a allo zai tsaya ya kalli kayan yaƙin da ke Gidan Makama da wani ido daban. A ma'aunin shekaru na Turai an sa wa Age of Empires II da Civilization VI shekara 12, ka ga ɗanka ya kai.

Kada ku fara da karawa da juna. Idan ka lallasa shi sau biyu ba zai dawo ba. Ku zama ɓangare ɗaya ku kara da kwamfuta, ka riƙe noma da kasuwa, ka bar masa dawakai tunda hannunsa ya fi naka. Ranar Asabar kuma ka karɓi wayarsa ya koya maka nasa, ya yi maka dariya son ransa.

Uwargida kuwa, ina zargin ba shekarunka ne ke damun ta ba. Wasannin nan suna cin dare. Duk mai Civilization ya san "bari in ƙara zagaye ɗaya" da ke kai mutum har kiran assalatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamu da gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma ma'auninta bai kawo zancen shekaru ba: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran lamuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Idan kana makara sallar asuba, ko man janareta na ƙarewa a kanka, ko ta yi magana ka ce "ina zuwa" sau biyar, to tana da hujja. Ka yanke wa kanka dare biyu ko uku a mako, ta san da su.

Game da na'ura, ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Matsakaiciyar laftof ta hannu irin wadda ake samu a Beirut Road za ta ɗauki tsohon Age of Empires II ba tare da wahala ba. Freeciv da 0 A.D. kyauta ne, sau ɗaya za ka sauke su. Civilization V da VI kuma suna da tsarin da mutum biyu za su riƙa karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya ba tare da data ba, kai ka yi naka zagayen ka miƙa masa ya yi nasa.