Tambayoyi da Amsoshi: Haɗa Gajeren Fim ɗin Katun da Waya ko Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ina da hannun zane tun ina firamare. Ina son mayar da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi katun, amma waya kaɗai gare ni. Zai yiwu, ko sai na jira na mallaki kwamfuta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka jira komai, ƙanena. Sauke manhajar FlipaClip a wayarka, ka nemi alƙalamin taɓa fuskar waya ko da mai araha ne, ka fara yau. Sai dai ina so ka san nauyin abin da za ka ɗauka. Motsin da ido ke gani a fim hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, guda 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan yi 12 kacal, kowane zane ya fito sau biyu, ido kuma ba ya ƙorafi. Ko da wannan rangwamen, minti ɗaya zane 720 ne, tatsuniya mai minti biyar kuwa 3,600. A nan yawancin masu farawa ke karaya, su ɗora wa waya laifi, alhali labarin ne ya fi ƙarfinsu.

Saboda haka ɗauki daƙiƙa 20 kawai, misali inda Gizo ke lallaɓawa zai saci nama. Manhajar na ba ka shimfiɗun zane da ake ɗora ɗaya kan ɗaya: zana gida da bishiya sau ɗaya a shimfiɗar da ke ƙasa, Gizo kuma a shimfiɗar da ke samanta, don kada ka riƙa maimaita abin da ba ya motsi. Tafiya zane takwas sun ishe ta, sai ka sa su yi ta zagayawa. Kunna maɓallin da aka rubuta wa Onion, zai nuna maka inuwar zanen baya a ƙarƙashin sabon da kake yi, ta nan za ka san iya tazarar da hannu ya kamata ya gusa. Kuma don Allah kada ka ba Gizon ƙafa takwas. A tatsuniya ai hula yake sawa, ya je fada, ya yi noma. Hannu biyu da ƙafa biyu sun wadatar, aikinka ya ragu da rabi.

Idan zanen ya gundure ka, akwai wata hanyar: ka gina 'yan tsana da yumɓu, ka matsa su kaɗan ka ɗauki hoto, ka sake matsawa ka sake ɗauka. Manhajar Stop Motion Studio na yin wannan. Sharaɗinsa biyu, wayar ta kafu a wuri ɗaya, hasken kuma na fitila ne, domin rana tana tafiya, fim ɗin zai fito yana ƙyafta. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a yankin nan namu. Marigayi Moustapha Alassane, mutumin Nijar da ya zauna a Tawa, tun a 1966 ya fitar da gajeren katun na wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, daga baya kuma ya yi finafinai da 'yan tsana. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan aiki a Afirka, kuma wayar da ke hannunka ta fi kayan aikinsa na wancan lokaci nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, ina son koyon katun irin na zamani mai kama da sassaƙa, wanda ake juya shi ta kowane ɓangare. An ce sai da manhaja mai tsada da kwamfutar miliyoyi. Gaskiya ne? Daga wani mai ɗinki a Kano.

Amsa: Batun manhaja ba gaskiya ba ne. Blender kyauta ce tun 2002, wata gidauniya a ƙasar Holand ke kula da ita, kuma da ita aka haɗa Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025. Don haka babu dalilin sayen manhajar sata a kasuwa, wadda sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa.

Kwamfuta kuwa, nemi mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, 8GB aƙalla, 16GB ya fi kwanciyar hankali, da ma'ajiyar SSD, da katin girafik, wato mai sarrafa hoto, mai zaman kansa, irin na kamfanin NVIDIA. Tokumbo mai lafiya za ta yi. Ka haɗa da linzamin kwamfuta, wato maus, mai ƙaramar taya a tsakiya, domin da ita ake juya abu a Blender.

Aikin kansa hawa-hawa ne. Za ka gina jikin mutum, ka yi masa launi, ka dasa masa ƙasusuwa a ciki, sannan ka nuna wa kwamfuta yadda zai tsaya a hoto na 1 da yadda zai tsaya a na 24, ita ta cike tsakani. Tunda tela ne kai, na san babbar riga za ka fara sha'awar ɗinka masa. Dakata tukuna. Yadi mai faɗi da ke kaɗawa yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da na'ura, hannu ya yi ta huda riga yana fitowa ta waje. Fara da 'yar shara da wando.

Tambaya: Na kwana biyu ina fitar da fim ɗina daga Blender, saura kaɗan aka ɗauke wuta, batir ya mutu, bidiyon ya ƙi buɗewa. Raina ya ɓaci sosai. Ina mafita? Daga Jos.

Amsa: Sannu, Allah ya mayar da alheri. Wancan fayil ɗin da wuya ya dawo, amma ba zai sake faruwa ba idan ka canza abu ɗaya. Wannan mataki, da ake kira renda, shi ne inda kwamfuta ke lissafa haske da inuwar kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. Idan hoto guda na cin minti biyu, fim mai minti ɗaya hoto 1,440 ne, wato awa 48 cur. Wa ke da tabbacin wutar awa 48?

Daina fitar da shi kai tsaye a matsayin bidiyo. A wajen zaɓen nau'in fayil, zaɓi PNG, kowane hoto zai sauka da lambarsa a cikin jaka. Ka kuma cire alamar da ke kan Overwrite, wato zaɓin da ke sa a sake yin hoton da aka riga aka gama. In wuta ta tafi a hoto na 900, da ta dawo sai ka sake dannawa, Blender ta tsallake waɗanda ta gama ta ci gaba. Ka dai goge na ƙarshen idan ya fito a lalace. Bayan an kammala, haɗa hotunan su zama bidiyo 'yan mintuna ne a cikin Blender ɗin.

Sannan duba injin renda da ka zaɓa a cikin Blender. Cycles ya fi fitar da haske kamar na zahiri amma yana da nawa, EEVEE kuwa ya ninka shi sauri, kuma ga katun ya isa har ya yi yawa. Yi gwaji da ƙaramin hoto kafin ka saki na gaske. Kada ka ɗora kwamfutar a kan katifa, musamman da bazara, kuma a kai ta a busa mata ƙurar hunturu, domin da ta ɗau zafi take rage gudu da kanta.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Maraɗi. Ina haɗa ƙananan katun na koya wa yara ƙirga da Hausa, amma bakin 'yar tsanar ba ya tafiya daidai da magana.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, irin wannan aikin ne yaranmu suka rasa. Ina kyautata zaton zane kike fara yi sannan ki ɗora murya. Juya tsarin: murya ce farko. Ɗauke ta a ɗaki mai labule da kaya, fanka a kashe, lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru. Tace ta da manhajar gyaran sauti ta Audacity idan akwai kwamfuta, ki shigar da ita manhajar zanen, sannan ki bi sautin hoto bayan hoto.

Siffar baki shida zuwa bakwai ta isa. A rufe don m da b da ɓ, a wangale don a, a zagaye don o, a tsuke don u, a shimfiɗe don e da i, sai ɗaya na hutu. Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu ake furta shi, ba sai kin zana haƙori a kan leɓe ba, shi ya sa manhajojin da ke motsa baki da kansu, waɗanda da Turanci aka gina yawancinsu, kan kuskure mana. Abin da ido ya fi kamawa shi ne rufewar leɓɓa, don haka ki tabbata a “biyu” da “biyar” da “bakwai” bakin ya rufe na tsawon hoto biyu kafin ya buɗe.

Idan za ki ɗora a YouTube, ki zaɓi cewa na yara ne, ƙa'ida ce tun 2020. Hakan zai rufe wurin sharhi kuma kuɗin talla zai ragu. Waƙar ƙirgar kuma ki rera taki da ɗalibanki, da izinin iyayensu, domin ɗora kiɗan wani na iya sa a toshe bidiyon.