Me ya sa furogiram ɗina ke mutuwa a _mm256_load_ps bayan malloc?

Ɗan uwa, ka ce furogiram ɗinka na mutuwa duk sanda ka kira _mm256_load_ps (umarnin ɗauko lambobi daga memori) a kan wurin da malloc (mai ware maka wuri a memori a yaren C) ya baka, amma wani lokacin kuma ya wuce lafiya lau. To ba aljanu bane, adireshin ne bai daidaita ba.

Shi malloc a Linux mai bit 64 adireshin da 16 ke rabawa kawai yake maka alkawari, shi kuma _mm256_load_ps, wanda ke cikin AVX (umarnan furosesa masu aiki da lambobi da yawa lokaci ɗaya), sai wanda 32 ke rabawa, shi yasa wata rana ka dace wata rana ka faɗi. Buga adireshin ka gani da idonka, in ya ƙare da 0x10 ko 0x30 to ga matsalar nan.

Ni dai posix_memalign nake amfani da shi maimakon malloc, ka bashi lambar daidaitawa 32 ko 64, dole lambar ta zama ninkin biyu-biyu (irin 16, 32, 64), kuma ka lura lambar kuskure yake dawowa da ita ba adireshi ba, mutane da yawa nan suke zamewa. Akwai aligned_alloc da ya shigo a C11 (sigar yaren C ta 2011), amma ka sa girman ya zama wanda lambar daidaitawar ke rabawa, ka huta. Dukansu free ne ke sakinsu.

A Windows kuwa labarin daban ne, _aligned_malloc ne, kuma sai da _aligned_free, kar ka kuskura ka bashi free. Sannan realloc, mai canza girman wurin, ba ruwansa da daidaitawarka, na taɓa kwana biyu ina neman wannan kuskuren wallahi.

In kana sauri kawai ka koma _mm256_loadu_ps wanda baya buƙatar adireshi ya daidaita, a sababbin furosesa bambancin gudun kaɗan ne.