Tambayi Kawu: Masu Shirin Bin Mawaƙi Ƙasar Waje

Wasiƙun wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya, kowa ya ɗaura niyyar tsallaka iyaka ya ga gwaninsa yana waƙa ido da ido. Na tsinci biyar.

Kawu, mu takwas ne za mu je kallon wasa a waje, mun rasa wane anko za mu fitar, shadda ko yadi mai hoton mawaƙin? (Wani matashi daga Fagge)

Ɗana, a cikinku mutum nawa ke da fasfo? Ka ƙirga ka sake rubuto min. Shaddar da za ka gumi a cikinta awa huɗu a tsaye ana turereniya, ka bar ta a gida domin Juma'a. Riga mara nauyi da takalmin da ba ya matse ƙafa sun ishe ka.

Kawu, mu goma sha biyu ne a ƙungiyar masoya wani mawaƙin Afrobeats. Zai yi wasa a O2 a Landan. Shugabanmu ya ce ya san wani a can mai tikiti da rahusa, kowa ya tura kuɗi asusunsa, har ya turo mana hoton tikitin a WhatsApp. Ya ce zai haɗa mu da wanda zai cika mana asusun banki domin biza. An ba mu zuwa ƙarshen mako. In tura? (Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari)

Kada ka tura ko sisi. Zauna, yau da kai nake.

Kai da ke Kwari, in baƙo ya nuna maka hoton dilar atamfa a waya ya ce ka biya, kaya na hanya, za ka biya? Ko yaron shagonka ba zai yarda da cinikin biri a sama ba. To me ya sa da an ambaci waƙa da Landan sai wayo ya gudu? Hoton da aka turo muku, hoto ne kawai. Manyan wuraren wasa irin O2 sun koma tikitin waya tuntuni. Yana zaune ne a cikin manhajar kamfanin da ya sayar, kamar AXS ko Ticketmaster, cikin asusun mai saye, kuma alamar da ake haskawa a ƙofa canzawa take yi a kai a kai, domin kada hoto ya yi aiki. Wanda ke da tikitin gaske yana so ya ba ka, tura maka shi zai yi daga asusunsa zuwa naka a cikin manhajar, ka buɗe ka gan shi da kanka. Hoto kuwa, mutum ɗaya zai iya sayar wa mutum hamsin shi, a Kano da Legas da Kumasi, a dare ɗaya.

Sannan maganar rahusa. O2 na ɗaukar mutum kusan 20,000, kuma a 2021 Wizkid ya cika shi dare uku. Wasan da mutanen Landan ɗin kansu ke rububin tikitinsa, wane mai tausayi ne zai ajiye goma sha biyu ya karya farashi saboda ku? Tikitin da ake nema, tsada yake ƙarawa a hannu na biyu. In ka ji araha a irin wannan wuri, akwai lauje cikin naɗi.

Ba labarin ƙanzon kurege nake ba ka ba. Ɗan ƙanwata ya faɗa wannan rami. Ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin adashi, ya tura wa wani da suka saba shekara biyu a rukunin masoya, mai yawan "insha Allahu" da gaisuwar Juma'a. Ranar da ya zo min, ya ajiye wayar a kan benci yana ta danna lambar, ana ce masa a kashe take. Ya buɗe rukunin, an cire kowa, sai shi da wasu mutum uku suna tambayar juna. Hoton tikitin na nan a wayarsa har yau, da lambar kujera da komai, tsaf. Bai yi kuka ba, amma shayin da aka kawo masa ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Kuma asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. A ranar 15 ga Disamba 2022, a wasan Asake a Brixton Academy da ke Landan, jama'a suka yi dafifi a ƙofa fiye da yadda wurin zai ɗauka, aka yi turmutsitsi, mutum biyu suka rasu daga baya, wata uwa mai 'ya'ya biyu da ɗaya daga cikin masu gadi. An rufe wurin sama da shekara. Wanda ya taso daga nesa, ya kashe abin da ya kashe, aka ce masa a bakin ƙofa tikitinsa na bogi ne, zuciya na iya ɗibarsa ya shiga cikin masu turawa. In hakan ta same ka, ka juya ka koma masauki. Ba waƙar da ta kai numfashinka.

Maganar cika asusu ita ta fi ɓata min rai. Jami'in biza aikinsa ke nan kullum, duba takardun banki. Asusun da wata shida ba ya wuce dubu ɗari uku, kwatsam sati biyu kafin nema miliyan goma sha biyar ta faɗo, kana zaton bai taɓa ganin irinsa ba? Zai hana ka, kuɗin neman bizar ziyara, wanda ya haura fam 100, ba a mayarwa, kuma in aka same ka da takardar ƙarya dokar Birtaniya ta ba da damar a hana ka shiga har shekara goma. Kai ɗan kasuwa ne, wata rana za ka so fita neman kaya, tambarin hani na biye da sunanka. Wanda ya cika maka asusun kuwa ya karɓi la'adarsa ya yi gaba.

In da gaske kake son tafiyar, ga yadda ake jera ta. Biza tukuna, da kuɗinka na halak da takardun shagonka. Ana iya nema tun wata uku kafin tafiya, kuma amsa kan ɗauki kamar mako uku, wani lokaci fiye. Tikitin wasa ka saya da kanka a shafin da wurin wasan ya nuna, ka san cewa in ba a ba ka biza ba, sai dai ka sake sayar da shi ta manhajar. Masauki ka kama irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba. Kuɗin jirgi shi ne na ƙarshe, sai fasfo ya dawo hannunka da biza a ciki. Lissafinka kuma ka yi shi da fam, ka bar rara mai kauri, domin kowa ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Farashin da ka ji a Wapa yau ba alkawari ba ne. Ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire, don a cikin O2 ba a karɓar tsabar kuɗi, kuma jakar da ta fi girman takardar A4 ba ta shiga.

Shugaban naku ƙila shi ma yaudararsa ake yi, ban ce ɓarawo ne ba. Gwada shi cikin ladabi: ka ce kowa ya buɗe asusu a manhajar, a tura masa tikitinsa, sannan ya biya. Ka saurari amsar da kyau, musamman in ta fara da "ai ba ka yarda da ni ba ke nan".

Kawu, mawaƙinmu na Hausa zai yi wasan Sallah a Maraɗi, mu shida za mu je a mota daga Katsina. Me za mu tanada? (Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura)

Wannan tafiya ce ta hankali, ba ni da ja. Abu uku dai. Ku tabbatar daga bakin mawaƙin ko shafinsa na gaske cewa zai je, domin buga hoton mutum a fasta ba wuya, an sha tara jama'a a jira wanda ko labarin wasan bai ji ba. Na biyu, Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, kada ku dogara da "ai da ma haka muke wucewa". Ku riƙe fasfo da katin allurar shawara, ku je tasha kwana biyu kafin tafiya ku tambayi direbobin da ke bin Jibiya zuwa Ɗan Isa abin da ake nema a wannan makon. Ku bi hanyar da rana, ku kwana a Maraɗi, kada wani ya ce a dawo cikin dare bayan an tashi.

Na uku shi ne ƙirgan kuɗi. In mai tsire ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, don dala ɗaya sefa biyar ce. Jaka kuwa a can sefa 1,000 ce, ba naira 200 irin tamu ba. Na ga mutum ya yi ciniki da murna, da aka zo biya ya kama rantse-rantse.

Kawu, shekara biyu ina tara kuɗin ɗinki don in ga wani mawaƙin Indiya da nake so tun ina yarinya. Zai yi wasa a Dubai. Ƙawayen da za mu je tare a intanet muka haɗu, ban taɓa ganinsu ba. A gida na ce sarin kaya zan je. Ba na iya barci. (Wata baiwar Allah daga Zariya)

'Yata, son waƙar Indiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, iyayenki ma sun cika silima dominta, kada ki ji kunyar wannan. Kuɗin kuma guminki ne. Abin da ke hana ki barci, ina jin, ƙaryar ce da kuma baƙin da za ki bi, kuma zuciyarki ta yi gaskiya.

Ki faɗa wa Mama, ko yayarki in ita ta fi sauƙi. In wani abu ya faru a can, Allah ya kiyaye, a Deira, unguwar kasuwanni ta Dubai, cikin 'yan sari za a neme ki alhali kina wani wuri. Ki nemi ɗan'uwa ko 'yar'uwa ku tafi tare, ko da kuɗin ya sa an ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Manyan mawaƙan Indiya ba sa daɗewa ba su koma Dubai ba. Ƙawayen nan ki yi kiran bidiyo da kowacce, in akwai ta kusa ki je gidansu ki gaida mahaifiyarta. Fasfonki kada ya kwana a jakar kowa, ɗakin da za ki sauka ki biya da sunanki, tikitin dawowa yana hannunki. Duk wadda ta ce "wani Alhaji zai ɗauki nauyinmu a can", ki rabu da ita a ranar.

Ki kuma tuna an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar Dubai a 2022, sai a Yulin 2024 aka dawo da ita, da sharuɗɗa masu tsauri. Ki je ofishin kamfanin tafiye-tafiye mai rajista da ƙafarki, ki tambayi sharaɗin mai shekarunki kafin ki sayi komai. Ki sake rubuto min in kin yi magana da gida.

Kawu, in sayi sabuwar iPhone bashi don in ɗauki bidiyon wasan da kyau? (Ba suna)

A'a. Kafin ka iso gida mutum dubu sun sa bidiyon a TikTok, wasu daga layin gaba. Sayi fawa banki da abin canza bakin caja, ka sa wayarka a aljihun gaba.